In koma gidan 'yar gari ko in ci gaba da zama da namu? Shawara kan koyon Sifaniyanci a Granada

Hafsat, Granada

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni zama a ƙasar nan ta Sifen. Tun ƙarshen bazara nake Granada ina koyon Sifaniyanci a cibiyar harsuna ta jami'a, burina in samu takardar B2, wato shaidar iya yaren a matakin sama da matsakaici, kafin in nemi gurbin digiri na biyu. A aji ba ni da matsala, nahawu yana shiga. Amma da na fita titi sai kunnena ya toshe. Mai kifi a kasuwar San Agustín za ta yi mini magana, in tsinci kalma ɗaya in rasa sauran. A gida mu uku ne, ni da wata 'yar Legas da wata 'yar Maroko, Turanci da guntun Larabci muke yi daga safe har dare. Hankalina kwance yake da su, tukunyarmu halal ce, ba mai tambayata dalilin tashina da asuba. To yanzu an yi mini tayin ɗaki a gidan wata tsohuwa a unguwar Realejo, ita kaɗai take zaune, ba ta jin kowane yare sai nata. Kuɗin ya ɗan ɗara wanda nake biya, amma har da abincin rana. Me kuke gani?

Maman Iman, Salamanca

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki koma, kada ki tsaya dogon tunani. Ni ma da na zo a gidan wata dattijuwa na sauka, kuma a teburinta bakina ya buɗe, ba a makaranta ba. Idan sanyi ya shigo za ki ga abin da nake nufi. Suna da wani tebur mai zagaye da ake lulluɓe shi da mayafi mai kauri har ƙasa, a ƙarƙashinsa akwai kaskon ɗumama ƙafa, da can na gawayi ne, yanzu na lantarki. Mesa camilla suke ce masa, kuma a can kudu ma ya fi yawa, don gidajensu da yawa ba su da abin ɗumama ɗakuna. Bayan an ci abincin rana sai kowa ya tura ƙafafunsa ciki ya ja mayafin ya rufe cinya, talabijin na yi, ita kuma tana ta sharhi. Ta ba ni labarin mijinta da ya rasu, da yunwar da aka yi bayan yaƙin basasarsu, da jikarta da ke Jamus ba ta kiran waya, da farashin man zaitun da ya yi tashin gwauron zabo. Ba ta sassauta mini harshe, don ba ta ma san yadda ake yi ba. Idan ban gane ba sai ta maimaita da ƙarfi, ta nuna da hannu, ko ta tashi ta ɗauko abin ta ajiye a gabana. Tun ina gyaɗa kai kawai har na fara yi mata musu. Malamin aji albashi yake karɓa don ya yi miki magana a hankali, ita kuwa tsohuwa abokin hira take nema. Da ɗan gari akan ci gari.

Alhaji Ɗanladi, Almería

Maman Iman, ki yi haƙuri, ban goyi bayan wannan shawarar ba. Yarinya ta samu gida na Musulmi, tana sallarta tana cin halal, ki ce ta bari ta tafi inda ƙafar alade ke rataye a kicin? Kin fi ni sanin mutanen nan, alade a wajensu ba nama ba ne kawai, kayan miya ne. A cikin wake yake, a cikin romo yake, har cikin kayan zaƙin Kirsimeti akwai kitsensa. Tukunya ɗaya, soso ɗaya, wuƙa ɗaya. Ga giya a tebur da rana tsaka, wasu ga kare har kan gado. Na daɗe a ƙasar nan, ban taɓa kwana gidan Bature ba, ban taɓa zama a aji ba, kuma yau ni nake raka mutane asibiti da ofishin 'yan sanda ina yi musu tafinta. A gonakin leda na Roquetas na koya, ina tsinkar tumatir da kokwamba ana daka mini tsawa. Hafsat, 'yata, ki zauna inda kike. Yare a titi yake, ki fita ki same shi, da dare ki dawo inda addininki yake cikin aminci.

Maman Iman, Salamanca

Alhaji, kai namiji ne, kuma aiki ya tilasta maka. Ita daga aji sai gida. Wane titi za ta je ta tsaya? Inda ɗalibai ke haɗuwa don musayar yare mashaya ne, da dare kuma. Maganar alade gaskiya ce ban musa ba, amma magana ake yi tun ranar farko. Ni da kaina na rubuta mata a takarda na manna a jikin firij sunayen kayan alade: jamón, chorizo, tocino, manteca, morcilla, da romon ƙashi. Dole ki lissafa ɗaya bayan ɗaya, domin idan kika ce ba kya cin nama kawai, a wajen wasunsu ɗan yankan jamón da aka barbaɗa a kan miya ba ya cikin lissafin nama. Na sayi tukunyata da kaskona da sosona. Nama kuwa ni nake sayowa a mahautar halal, ita ta dafa a tukunyata. Sauran kwanaki kifi ne, ko wainar ƙwai da dankali, ko wake da alayyafo.

Malam Sanusi, Yamai

Salamu alaikum. Sifaniyanci nake koyarwa, bari in sa baki ta fuskar harshen kansa. Hafsat, ba kunnenki ne ke da matsala ba. Kin sauka ne a yankin da ake haɗiye haruffa. Mutanen Andalus ba sa furta s na ƙarshen gaɓa, kuma d da ke tsakanin wasula sau da yawa faɗuwa take. Abin da littafi ya rubuta pescado, wato kifi, mai kifin nan pescao za ta ce. Más o menos ya koma má o meno. Sunan garin ma Graná suke cewa. Ke kuwa a aji an horar da kunnenki ya jira s don ya gane jam'i, ya gane wa ake yi wa magana. Shi ya sa Maman Iman ta fi ki samun sauƙi, mutanen Salamanca da Valladolid kusan yadda aka rubuta suke furtawa.

Abin da nake so ki lura da shi game da DELE ta B2, jarabawar da ake samun takardar da kike nema, shi ne, kashi huɗu ce amma gida biyu aka raba ta. Karatu da rubutu gida ɗaya, sauraro da magana gida ɗaya, kuma kowane gida sai kin samu maki 30 cikin 50. Ko kin cinye nahawu duka, ba zai cike miki giɓin sauraro ba. A ɓangaren sauraron kuma ba muryar Madrid kaɗai ake sakawa ba, har da ta mutanen Latin Amurka. Saboda haka abin da kike kuka da shi, shi ne daidai abin da zai iya kayar da ke.

Aisha B.

Malam, ni ina Kano ina shirin tafiya baɗi in Allah ya yarda. Jin wannan sai na ga gara in nemi Salamanca kawai.

Malam Sanusi, Yamai

Duka biyun suna da kyau, Aisha. Jami'ar Salamanca tun 1218 take, kuma ta shahara wajen koyar da baƙi. Sai dai wanda ya koya a kudu ya sha wuya da farko, daga baya ba inda zai je ya kasa ji. Kuma ku daina jin tsoron yaren nan, Bahaushe yana da rabo a cikinsa fiye da Bature ɗan Ingila. Wasulansu biyar ne, a e i o u, irin namu. Ra mai karkarwa da ke wahalar da Amurkawa muna da ita a bakinmu tun yarinta. Namiji da mace a sunayen abubuwa ba baƙon abu ba ne gare mu, mu ma riga mace ce, wando namiji, sai dai a haddace nasu don ba kullum yake dacewa da namu ba. Ser da estar, kalmominsu biyu na "kasancewa" da ake ta kuka da su, ku auna su da "shi malami ne" da "yana gida", za ku ga hanya ta buɗe, ko da yake ba a ko'ina suke haɗuwa ba. Har subjuntivo, sigar aikatau ta fata ko buƙata da ɗalibai ke gudu, ai mu ma cewa muke "ina so ka zo", ba ma cewa "ina so kana zuwa". Inda nake ganin ɗalibaina Hausawa na tuntuɓe shi ne p da f. Wannan kam sai an zauna an yi ta maimaitawa a gaban madubi, a ga leɓɓa sun haɗu sun rufe kafin p ta fito.

Dr. Ramatu

Na yi karatun likita a Kuba. Kafin a fara darasin likitanci sai da aka yi mana watanni ana koya mana yaren zalla, kuma mutanen Havana ma suna haɗiye s kamar na Granada. Ba abin mamaki ba ne, jiragen da suka riƙa zuwa can daga Sevilla da Cádiz da tsibiran Kanari suke tashi. Abin da na gani da idona a ɗakin kwananmu shi ne, waɗanda suka haɗa gado da 'yan ƙasarsu sun fi kowa jin daɗi a shekarar farko, kuma su ne suka fi shan wuya ranar da aka tsayar da mu gaban marar lafiya aka ce mu tambaye shi abin da ke damunsa. Tsoho mai ciwon ƙirji ba zai yi maka maganar littafi ba. Don haka ina bayan Maman Iman. Amma Alhaji ya taɓo abin da bai kamata a raina ba. Kaɗaici ciwo ne. Akwai wadda muka zo tare, ta yanke hulɗa da kowa don yare ya zauna, kafin shekara ta zagayo ta rame ta daina barci. Hafsat, idan kin koma, kada ki saki ƙawayen nan naki. Ranar Juma'a ki hau unguwar Albaicín ki yi salla a babban masallaci, ki sauko ta titin Calderería ki sha shayi da su, ki yi dariya da yaren da ba sai kin yi tunani ba.

Alhaji Ɗanladi, Almería

Likita, kin yi adalci. Masallacin nan na san shi, a 2003 aka buɗe shi, yana kallon Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi, kuma akwai Sifaniyawa Musulmi da yawa a cikinsa. To me zai hana ta nemi ɗaki a gidan ɗaya daga cikinsu? Ga yare ga addini. Ba wai ina ƙin mutanen ƙasar ba ne, na ci arziki da su, wanda ya fara tsaya mini a kan takardu ma Kirista ne. Tsorona shi ne sabo. Yau ka ce ba komai a zauna teburin da ake shan giya, gobe ka ce ba komai a yi gaisuwar sumba a kumatu da namijin da ba muharraminka ba, don kada a ce ba ka waye ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Hafsat, Granada

Baba Alhaji na gode, kuma na ji tsoron da kake ji mini. Gaisuwar sumba tun makon farko na samo mata hanya, hannu nake ɗorawa a ƙirji in yi murmushi tun kafin mutum ya matso, kuma ban ga wanda ya ji haushi ba. Na tambaya a masallaci ko akwai mai ɗaki, an ce za a duba mini, amma waɗanda na sani duk masu iyali ne gidajensu cike. Abin da ya fi yi mini nauyi ma wani ne daban. Da na je ganin ɗakin, tsohuwar nan ta ce in daina ce mata usted na girmamawa, in kira ta da sunanta kawai in ce mata tú, wato "ke" kai tsaye. Matar da ta yi jika da ni! Bakina ya ƙi.

Maman Iman, Salamanca

Haka suke. A wajenta usted nisantawa ce, kamar kin ce ita baƙuwa ce ko ta tsufa tukuf. Ki bi yadda ta ce, ladabinki ya fito ta wani wajen: ki riga ta ɗaukar kaya, ki raka ta kantin magani, idan mai gas ya zo yana buga tukwanen nan masu ruwan lemo a titi ki leƙa ta taga ki kira shi. Tukunyar kilo 12 da rabi ce, tsofaffi ba sa iya jan ta zuwa kicin. Za ki ga yadda za ta riƙe ki.

Abu ɗaya da zan gargaɗe ki shi ne lokaci. Abincin rana sai biyu ko uku, na dare sai tara ko goma. Ƙananan shaguna suna rufewa daga biyu zuwa biyar, Lahadi kuma kusan ko'ina a kulle. Da bazara magariba tana kaiwa tara da rabi, isha ta wuce sha ɗaya, ga zafin Granada da ke haura digiri 40. Ki gaya mata tun yanzu cewa za ta riƙa jin motsin ruwa da asuba, don gidajen nan bangonsu ba kauri, kuma ki yi mata bayanin azumi kafin ya zo. Tawa da ta gane, ita take ajiye mini miya da zafinta daidai lokacin buɗa-baki.

Issoufou, Valencia

Ni ɗan Damagaram ne. Mu da muka yi lakwal da Faransanci karatun jarida bai ɗauke mu lokaci ba, kalmomi da yawa 'yan uwan juna ne. Amma wannan sauƙin shi ke yaudarar mutum, sai ka riƙa ɗauko kalmar Faransanci kana liƙa mata o a ƙarshe kana zaton ka iya. Ni ban zauna gidan kowa ba, da 'yan Senegal nake, amma na shiga ƙungiyar ƙwallon unguwa, kuma ina aikin sa-kai a Cruz Roja, wato ƙungiyar agaji ta Red Cross, wajen rabon abinci. Can na samu masu yi mini gyara. Katin laburaren gwamnati kyauta ne, RTVE Play, manhajar gidan talabijin na gwamnati, ma kyauta ne, ina kunna shirye-shirye da rubutu a ƙasa. Don haka maganar Alhaji tana yiwuwa, sai dai sai mai tsananin naci. Idan ka dawo gida a gajiye ka tarar ana hira da yaren da ka iya, ba za ka kunna rediyon Sifaniyanci ba, kowa ya san haka.

Aisha, ki kuma sani ba duk gari ne yare ɗaya ba. Nan akwai Valenciano a allunan titi da makarantu, Barcelona akwai Kataloniyanci, Bilbao akwai Euskera wanda bai haɗa dangi da Sifaniyanci ba ko kaɗan.

Alhaji Garba, Malabo

Ina karanta ku daga Ikwatoriyal Gini. Mu nan ba biza ta Turai ba sanyi, kuma Sifaniyanci ne yaren gwamnati tun kafin samun 'yanci a 1968. A kasuwa na koya, amma takardar kwastan da ta haya sai na nemi yaro ya karanta mini. Shi ya sa nake cewa Alhaji Ɗanladi, ni da kai namu na baki ne, ya ishe mu ciniki. Yarinyar nan digiri za ta yi, za ta rubuta kundi, za ta tsaya gaban malamai ta kare shi. Aji da gida duka take buƙata.

Alhaji Ɗanladi, Almería

Wannan gaskiya ne Alhaji Garba, wasiƙar hukuma har gobe 'yata ke duba mini. Ban canza ra'ayi kan zama gidan ba, amma idan har za ta koma, to ta sa sharaɗi. A yi wata ɗaya na gwaji. Ta tambaya ko akwai ɗa ko jika namiji mai zuwa kwana. Ta ga ƙofar ɗakin tana da sakata. Iyayenta su sani, su amince.

Bashir, Barcelona

Duk kun yi maganar yare da abinci, ba wanda ya taɓo takardu, kuma nan ne mutane ke faɗawa rami. Anti Hafsat, kafin ki ɗauki akwati ki tambayi matar nan ko za ta yarda ki yi padrón a adireshinta, wato rajistar mazauna a ofishin ƙaramar hukuma. Idan ba kwantiragin haya da sunanki, sai ta sa hannu a takardar izini ta ba da kwafin katinta. Akwai masu ba da ɗaki da ba sa yarda, musamman idan ba sa so a san suna karɓar haya. Ba padrón, za ki sha wahala wajen sabunta katin zama. Duk abin da kuka yi yarjejeniya a kai, kuɗi, abinci, wuta, ranar fita, a rubuta ko da a takarda ɗaya ce ku sa hannu. Ki kuma duba kwantiragin gidan da kike ciki yanzu, kada kuɗin ajiyarki ya maƙale don ba ki ba da sanarwa da wuri ba.

Aisha, ke kuma da kike shirin zuwa: duk zaman da ya wuce kwana 90 sai da bizar karatu, da inshorar lafiya, da shaidar kuɗin da ya kai Yuro 600 na kowane wata. Idan zaman ya haura wata shida, cikin watan farko da shigowarki za ki nemi TIE, wato katin zama na baƙi, kuma samun ranar ɗaukar hoton yatsa a intanet aiki ne, ki fara nema tun ranar da kika sauka. Sabuwar dokar baƙi ta fara aiki ranar 20 ga Mayun 2025, don haka kada ki dogara da abin da wanda ya zo shekarun baya ya gaya miki, ki karanta sharuɗɗan ofishin jakadanci da kanki. Wajen neman ɗaki kuma ki shirya zuciyarki, wani da ya ji muryarki ko ya ga sunanki sai ya ce an riga an kama. Ya faru da ni, ya faru da da yawa, a ƙarshe dai an samu.

Aisha B.

Allah ya saka da alheri Yaya Bashir. Kayan miya fa? Mama ta ce za ta haɗa mini kilishi da dambun nama da man shanu.

Maman Iman, Salamanca

Ki ba Mama haƙuri, nama da kayan madara daga wajen Tarayyar Turai haramun ne a shigo da su, a filin jirgi za a karɓe a zubar. Ki riƙo kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, a ɗaure su da kyau a leda biyu saboda ƙamshin daddawar. Tuwo da semolina za ki yi, tana nan a shagunan 'yan Maroko, ɗanyar kuɓewa da attaruhu kuma a shagunan 'yan Pakistan ko na 'yan Afirka. Ki taho da rigar sanyi ta gaske ko ki ware kuɗinta.

Hafsat, idan kin sake zuwa gidan ki buɗe firij ɗin ki gani da idonki, ki tambaye ta wane shelf za ta bar miki, kuma ki fara yi mata maganar padrón kafin maganar kuɗi.

Hafsat, Granada

To Anti. Baba Alhaji, yau da dare zan kira Abbanmu in karanta masa sharuɗɗan nan naka. Malam Sanusi, don Allah akwai zaman DELE a watan Mayu? Ina so in san ko zan yi rajista yanzu ko in bari sai kunnen ya ƙara buɗewa.

Malam Sanusi, Yamai

Akwai, Cibiyar Cervantes mai shirya jarabawar takan yi zama a Mayu, akwai kuma na Nuwamba. Ana rufe rajista makonni kafin ranar, kuma sakamako yakan ɗauki wata biyu zuwa uku, don haka ki duba ranar da jami'ar da kike so take rufe karɓar takardu ki lissafo baya. Idan lokaci ya ƙure akwai wata jarabawar mai suna SIELE, a kwamfuta ake yin ta, sakamakonta yana fitowa cikin mako uku, sai dai takardarta shekara biyar take aiki, ta DELE kuwa ba ta mutuwa. Ki fara tambayar sashen da za ki shiga wacce suke karɓa.